Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Cibiyar Kula Da Tsofaffi Ta Ƙasa: A Duba Jikin Tsoho Kafin A Duba Takardun Gida

Zuwa ga shugabannin Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Mafi yawan aikina a ɗakunan kwantar da manya na yi shi, inda ake kawo masu hawan jini da masu ciwon suga da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gidajen da ake ajiye tsofaffi a ƙasar nan, na gwamnati da na ƙungiyoyin addini da na 'yan kasuwa, da wane ma'auni ake bambance mai kyau da marar kyau a cikinsu? Wa ke riƙe da ma'aunin? Ina kuma talaka zai je ya ga sakamakon? Ku na rubuto wa domin dokar da ta kafa ku, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, ta ɗora muku al'amarin tsofaffi, kuma a 2021 aka naɗa wa cibiyar shugabanni, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A da ko mutum na da ƙorafi bai san ƙofar da zai buga ba. Yanzu akwai taku.

Na san abin da mai karatu daga wajenmu zai fara cewa, domin ni ma a kansa aka raine ni: mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne, kuma ina roƙon Allah ya dawwamar da mu a kan haka. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyayen da suka tsufa a hannunmu. Amma maganar tana da wani gefe da ba mu cika dubawa ba. Tunda mai 'ya'ya da dangi ba ya zuwa can, to su wa ke can? Tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, magada suka raba gida. Tsohon da ya shigo birni cirani tun yana saurayi, ya yi dako har ƙarfi ya ƙare, babu wanda ya san garinsu. Waɗanda Boko Haram ko 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, 'ya'yan sun mutu ko sun watse. Waɗanda aka kwashe daga bakin titi ranar da aka tashi hana bara. Da masu gigin tsufa da suka fita daga gida suka kasa komawa, wasu ma sai da aka jefe su da sharrin maita. Waɗannan ba su da mai leƙo su ranar Juma'a, ba su da mai ɗaga zani ya ga bayansu.

Ga kuma wani rukuni a manyan birane: iyayen manyan ma'aikata, ko waɗanda 'ya'yansu ke ƙasar waje, da ake biyan kuɗi masu kauri a kula da su. Su kuma kunya ce ke rufe bakin danginsu. Wanda ya kai mahaifiyarsa irin wannan gida a ɓoye ba zai fito gidan rediyo ya ce an bar ta ta kwana cikin fitsari ba. Ta ko'ina aka duba, mazaunin gidan tsofaffi a ƙasar nan ba shi da mai magana da yawunsa. Al'adarmu mai kyau ta rage yawansu, amma ta ƙara ɓoye su, kuma abin da ya sa ke nan idon hukuma ya zama dole.

Yadda ake auna waɗannan gidaje a yau ba ya gamsar da ni. Ana kallon fenti da allon suna da takardar rajista a jikin bangon ofis. Ana kallon ranar Sallah ko Kirsimeti, lokacin da manya ke zuwa da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, a jera tsofaffi cikin sababbin kaya, a ɗauki hoto. Ba na raina wannan sadaka, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai buhun da aka sauke a tsakar gida ba ya gaya mana cokali nawa ya shiga bakin tsohuwar da ba ta iya ɗaga hannu.

Idan kun tambaye ni inda mai bincike zai fara, zan ce ya fara daga fatar tsohon da ba ya iya tashi. Gyambon kwanciya shi ne shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Idan mutum ya daɗe a kan ɓari ɗaya, nauyin jikinsa yana matse naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Ba kwanaki yake buƙata ba. Sa'o'i kaɗan sun isa ya fara. Wuraren da ya fi kamawa sanannu ne: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, dunduniya, allon kafaɗa, ƙeya. Rigakafinsa kuma ba na'ura mai tsada ba ce. A juya mutum a kai a kai, kamar kowane awa biyu, dare da rana. A sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa don dunduniya ta tashi daga katifa. Kada a bar shi cikin jiƙa. A ba shi abinci mai gina jiki. Ba kowane gyambo ne ke nuna sakaci ba, domin wanda ke gab da cikawa fatarsa na iya buɗewa duk da kulawa. Amma gidan da ka samu mutum uku ko huɗu da gyambo mai zurfi, kuma a cikin gidan suka same shi, ya riga ya gaya maka cewa babu mai tashi da dare.

A nan akwai abin da nake roƙon ku saka a horon masu bincikenku da babbar murya. Littattafan da muka yi karatu da su suna cewa alamar farko ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. Wannan a farar fata ne. A fatarmu jan ba ya fitowa. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi. Idan ka taɓa za ka ji ya fi sauran jiki ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi fiye da kima. Wanda ke neman ja a bayan tsohuwar Bahaushiya ba zai ga komai ba sai ranar da wurin ya fashe. Dole mai bincike ya sa safar hannu, ya nemi izinin tsohon, ya samu haske mai kyau, ya duba da ido da hannu. Mace ta duba mace, namiji ya duba namiji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka lokacin wankan safe ya fi kowane lokaci dacewa da wannan dubawa.

An taɓa kawo mana wata dattijuwa daga wani gida irin wannan, wai zazzaɓi ya ƙi sauka. An yi mata kitso, an ɗaura mata sabon zani, har da turare. Da muka juya ta don canza mata zanin gado, muka tarar da rami a ƙasan bayanta da ya kai ƙashi, an toshe shi da auduga. Daga nan zazzaɓin yake. Ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jini. Yarinyar da ta rako ta ta fashe da kuka, ta ce ita kaɗai ce ke kwana da mata duka na ɓangaren, kuma ba wanda ya taɓa koya mata juya majinyaci. Ban ga mugunta a fuskarta ba. Na ga yarinyar da aka ɗora wa aikin mutum biyar ba tare da horo ba.

Wannan ya kai ni ga ma'aikata, kuma a ganina a nan ingancin gida yake kwana yake tashi. Tambayar ba ta mutum nawa ke cikin takardar albashi ba ce. Mutum nawa ne a farke da ƙarfe biyun dare? Akwai nas mai lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma a cikinsu, ko kuwa maigadi ne da mai shara? Wata nawa ma'aikatan ke bin bashin albashi? Mutum nawa suka bar aikin a cikin shekara? Mai kula da tsoho da ya daɗe tare da shi yana gane ciwonsa tun kafin ya faɗa: ya ga yau bai taɓa goronsa ba, bai nemi rediyonsa ba. Gidan da ma'aikata ke sauyawa kowane wata ba ya samun wannan ido. A Ostireliya, bayan wani babban kwamitin bincike da ya yi aiki daga 2018 zuwa 2021, an wajabta samun nas a kowane gida dare da rana daga Yulin 2023, kuma daga Oktoban shekarar aka ƙayyade matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane tsoho a yini. Ban ce mu kwafi adadinsu ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma mu ma mu sa namu adadin a rubuce, musamman na dare, yadda za a iya cewa wane ya cika, wane ya gaza.

Sai sikeli. Kowane gida ya mallaki sikeli da littafi, a auna kowane tsoho duk wata. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne, wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata guda, ko kashi 10 a wata shida, lamarinsa na neman likita. Wanda ba ya iya tsayuwa a auna kaurin damtsensa. Jadawalin abinci da aka manna a bango ba hujja ba ce. Mai bincike ya zauna lokacin cin abinci ya gani da idonsa: ana tayar da mutum zaune kafin a ba shi, ko a kwance ake ɗura masa kunu har ya ƙware, abincin ya gangara huhu ya zama ciwon da zai kashe shi? Wanda ba shi da haƙori, an yi masa tuwo mai laushi, ko an ajiye masa abin da kowa ke ci, bayan rabin awa a ɗauke kwano a ce ya ƙoshi? Mai ciwon suga fa, nasa daban ne?

Ruwa ma haka. Tsufa yana rage jin ƙishirwa, wasu tsofaffin kuma da gangan suke ƙin sha don kada fitsari ya kama su babu mai kai su bayi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, ɗaki mai rufin kwano marar fanka na iya gamawa da tsoho a yini ɗaya. A duba harshe, a duba launin fitsari, a duba ko kofin ruwa yana inda hannunsa zai kai. Da hunturu kuma a ƙirga barguna, a tambayi yadda ake ɗumama ɗaki, domin kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi.

Akwai shirun da ya kamata ya tayar wa mai bincike da hankali. Idan ka shiga gida da hantsi ka tarar kowa na gyangyaɗi, yawu na zuba, kai a langaɓe, kada ka rubuta cewa wurin akwai natsuwa. Ka nemi akwatin magani. Mai gigin tsufa yana yawo, yana kiran sunan matattu, yana neman hanyar gida da magariba, kuma hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin da aiki ya fi ƙarfinsa ita ce ya ba shi abin da zai kwantar da shi, irin su diazepam ko haloperidol ko chlorpromazine. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi tsanani cewa sababbin magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 ta haɗa da tsofaffin magungunan irin su haloperidol. Ban da haka suna jawo faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Kowane irin wannan magani a nuna likitan da ya rubuta shi, da dalili, da ranar da za a sake dubawa. A kuma duba wuyan hannu da idon sawu, domin igiya da tsumma suna barin tabo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta zo da kariya ga masu irin wannan lalura, ya kamata kariyar ta shiga gidajen tsofaffi ma.

Hanci kuma yana da aikinsa. Zarnin da ya kama bango da katifa ba na yau ba ne. Ƙazuwa tsakanin yatsu, kuɗin cizo a ɗinkin katifa, farce da ya yi tsawo ya lanƙwashe, robar fitsari da ba wanda ya san ranar da aka sa ta, duk minti goma sun isa a gan su.

Amma tsoho ba jiki ne kawai da za a wanke a ciyar ba. Mutumin da ya shekara saba'in bai bar salla ta wuce shi ba, idan ya rasa mai kawo masa buta ko ƙasar taimama, ya rasa mai juya shi ya fuskanci alƙibla, an cuce shi ko da cikinsa a cike yake. Haka Kirista da ke son a kai shi coci ko a kira masa fasto. Da wane suna ake kiransa? Baba, Inna, Malam, Hajiya, ko kuwa "kai" da "ke" da tsawa? Ana rufe ƙofa ko a ja labule kafin a tuɓe shi? Yana da akwatin kansa? Idan yana karɓar fansho, katin bankinsa a hannun wa yake, kuma ina lissafin? Waɗannan amsoshi ba a ofishin shugaban gida suke ba. Sai an zauna da tsohon shi kaɗai, cikin harshensa, babu ma'aikaci a tsaye a kansa. Kuma a sani cewa tsohonmu ba zai ce ana zaluntarsa kai tsaye ba. Zai ce "alhamdu lillahi, suna ƙoƙari." Sai an iya tambaya: jiya da dare da kika kira, wa ya zo? Yaushe rabonki da fita rana? Mai binciken da ba ya jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ba zai samo komai a gidajen Arewa ba.

Littafi na ƙarshe da zan nema shi ne na mutuwa. Wa ya rasu, yaushe, me ya yi ajalinsa, wane likita ya gan shi kafin nan, wa aka sanar, ina aka binne shi. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza da sallama wa ƙaddara, kuma haka addini ya koyar. Sai dai wanda ba shi da kowa, idan ya rasu da asuba aka binne shi kafin azahar, babu abin da ya rage da zai nuna ko yunwa ce ko gyambo. Ajali gaskiya ne, sakaci ma gaskiya ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Ƙasashen da suka riga mu a wannan hanya sun yi kurakuran da bai kamata mu maimaita ba. Amurka ta fito da tsarin taurari biyar a Disamban 2008, tana auna gidaje da abu uku: sakamakon bincike, yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna. Biyu daga cikin ukun, gidajen ne da kansu ke kawo alƙaluman, kuma jaridar New York Times ta nuna a 2014, ta sake nunawa a 2021, yadda ake kumbura su. Har an samu gidajen da ke laƙaba wa tsofaffi wata cutar taɓin hankali da ba su da ita, don kada a ƙirga maganin kwantarwar da ake ba su. Sai daga 2018 aka koma ɗaukar yawan ma'aikata daga takardun biyan albashi. A Ingila hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi tana tambaya biyar: wurin akwai aminci, kulawar na aiki, akwai tausayi, ana biyan buƙatar kowa, shugabancin na da kyau? Tana ba da daraja hawa huɗu, kuma doka ta tilasta wa gida ya manna darajarsa inda kowa zai gani. Tsari ne mai kyau, amma a 2011 ita wannan hukumar ta yi biris da ƙorafin wani nas game da Winterbourne View, wani wurin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa kusa da Bristol, sai da BBC ta shigar da kyamara a ɓoye duniya ta ga dukan da ake yi musu. A Faransa kuma, a farkon 2022, ɗan jarida ne ya tona yadda babban kamfanin Orpea ke ƙididdige abinci da famfas don riba, daga nan gwamnati ta ba da umarnin a binciki duka gidajen tsofaffin ƙasar, kimanin 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan wurare, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun muzguna wa wani tsoho a cikin shekarar da ta gabata. Wannan a inda ake bincike ke nan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a nahiyarmu ya faru. A 2016 gwamnatin lardin Gauteng a Afirka ta Kudu ta kwashe masu lalurar ƙwaƙwalwa kimanin 1,700 daga cibiyoyin Life Esidimeni, don rage kashe kuɗi, ta rarraba su ga ƙungiyoyin da lasisinsu ba ingantacce ba ne, ba su da ma'aikata, ba su da abinci isasshe. Mutum 144 suka mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi. Wasu dangin sai da suka yi ta yawo kafin su gano inda gawar ɗan'uwansu take. Mu ma ba baƙi ba ne ga abin da rufaffiyar ƙofa ke haifarwa. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka samu irinsa a Daura. Ba gidajen tsofaffi ba ne, amma ciwon ɗaya ne: mutane marasa ƙarfi a bayan katanga, shekara da shekaru babu wanda ya shiga ya duba.

Don haka roƙona gare ku shi ne bincike ya zama na ba-zata. Iyayenmu sun san duba-gari. Ba ya aiko da saƙo kafin ya zo, yana shiga ya leƙa randa da kwata. Ziyarar da aka sanar da ita mako guda kafin ranar, gidan da aka share kawai za ta gani. Wasu ziyarce-ziyarcen su kasance da dare, wasu ranar Lahadi, wasu a tsakiyar bazara. Kada gidan da ake bincika ya biya kuɗin motar mai bincike ko ya ba shi abinci. Kada kuma gidajen gwamnati su tsira saboda na gwamnati ne. Ma'aikatar da ke tafiyar da gida ba za ta zama ita ce mai ba shi maki ba.

Na san ba ku da ma'aikatan da za su zaga jihohi 36 da Abuja, kuma yawancin wannan aiki a hannun jihohi yake. Amma akwai waɗanda za a jingina da su. Legas tana da hukumar HEFAMAA mai tantance cibiyoyin kiwon lafiya, Kano tana da PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kowace jiha tana da ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012 tana da ƙwararrun da za su iya horarwa. Naku shi ne ku fitar da ma'auni ɗaya, gajere, wanda ya tsaya a kan jikin tsoho da yininsa, ku horar da masu amfani da shi, ku tattara sakamakon. Ma'aunin ya bi har cikin gidajen mutane inda kamfanoni ke tura masu jinya na haya, domin tsohuwar da aka bar wa baƙuwar fuska a ɗakin baya tana cikin haɗari iri ɗaya.

Sakamakon kuma kada ya kwanta a durowa. A manna shi a ƙofar gidan, a sa shi a intanet, a karanta shi a rediyo da Hausa da sauran harsuna, da kalmomin da kowa zai gane. A samar da lambar waya ta kyauta da ma'aikaci ko maƙwabci zai kira ba tare da an tona sunansa ba, a kuma tabbatar wani ya je cikin kwana biyu. Ma'aikacin da ya faɗi gaskiya a kare masa aikinsa. Gidan da ya gaza don rashin sani ko rashin hali, a koya masa, a tallafa masa, a ba shi wa'adi. Da yawa daga masu wannan aiki don Allah suke yi da ɗan abin hannunsu, bai kamata a kore su da tara ba. Wanda aka samu da duka ko ɗauri ko cin kuɗin tsofaffi kuwa, kotu ce tasa. Idan har za a rufe gida, a fara sanin inda kowane tsoho zai koma, da sunansa da maganinsa da wanda zai karɓe shi, don kada mu yi irin ta Gauteng.

Matakin farko ba ya buƙatar sabuwar doka ko babban kasafi. Ku nemi kowace jiha ta kawo sunayen gidajen da ke ajiye tsofaffi a cikinta, masu rajista da marasa rajista, da yawan mutanen da ke kwana a kowanne, ku wallafa jerin kafin ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane irin gida a yankinsu, a tambaye su. Mu kuma nas-nas da muka yi ritaya muna nan da yawa a kowace jiha, hannunmu bai manta aikin ba. Idan kun buɗe rajistar masu sa kai don wannan bincike, ku ba mu horo da takardar izinin shiga, ni da abokan aikina za mu rubuta sunayenmu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke wannan amana.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, daga Kano.